Shikago, birnin da shanu da masara sunka gina

A ƙasar Amurka, idan an ba yaran lakkol hutu cikin watan Yuni, magidanta da yawa sukan ɗauki iyalinsu cikin mota su kama hanya. Ba cin rani za su ba, ba fatauci za su ba. Yawon ganin ƙasa ne kawai. Su kwana nan yau, gobe su kwana gaba. A kowane babban gari sukan yada zango kwana biyu ko uku, su ga abin gani, su ci abincin mutanen wurin, sannan su wuce.

Ɗaya daga cikin manyan zangunan nan shi ne Shikago, cikin jihar Ilinoi, wajen arewacin tsakiyar ƙasar. Mutanen da ke cikin birnin sun kai miliyan 2 da dubu 700. In an haɗa da garuruwan da ke manne da shi, sun wuce miliyan 9. Daga nan ne wata tsohuwar hanya mai lamba 66 ta tashi a shekarar 1926, ta nufi yamma har Los Anjalas, bakin teku. Tsawonta ya kusa kilometir dubu 4, wato kamar a yi Yamai zuwa Damagaram sau huɗu da ɗoriya. Tun 1985 gwamnati ta fidda ta daga jerin manyan hanyoyi, amma masu yawo ba su daina bin ta ba.

Masara kafin gari

Mai shigowa daga kudu ko daga yamma ba ya fara ganin birni. Gona yake fara gani. Awa uku, awa huɗu, mota tana gudu, dama masara, hagu masara, sai ko waken soya. Ƙasar baƙa ce, shimfiɗe kamar tabarma, babu tudu babu dutse. Lokacin da ake damina a Nijar, su ma lokacin ne amfaninsu ke tsaye. A shekara mai kyau hekta guda takan ba da tan 12 ko 13, wato buhu 120 ko fiye. Abin mamaki, sai a yi tafiya mai nisa ba a ga mutum ko ɗaya cikin gona ba. Mutum guda da injinanshi yana noma abin da gari guda ba ya iya nomawa da hauya. Kuma yawancin masarar nan ba ta tuwo ba ce. Bisashe ake ba ta, ko a tace ta a yi wani mai da ake gauraya wa man mota.

Can sai a hangi wasu abubuwa tsaye gaba, dogaye, kamar giginyu cikin hazo. Benayen Shikago ke nan.

Direba mai hankali yakan bar motarshi a masauki. Cikin birnin, wurin aje mota yana da tsada ƙwarai, ga cunkoso safe da marece. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari wanda ke tafiya bisa gadojin ƙarfe, saman titi, yana ƙara kamar aradu. Shi ya fi sauƙi.

Ruwa da bene

Gabas da birnin duk ruwa ne. Sunan tabkin Mishigan. Mutum ya tsaya bakinshi, ba ya hangen ƙetare. Tsawonshi ya kusa kilometir 500, kuma girmanshi ya ninka na tabkin Cadi fiye da sau biyu, ko a lokacin da Cadi yake cike, cikin shekarun 1960. Ba ruwan gishiri ba ne. Shi mutanen gari ke sha. A da, ƙazantar gari tana bin kogi ta faɗa cikin tabkin, ciwon zawo da zazzaɓi suna kashe mutane. A 1900 sai anka gina babbar hanyar ruwa, anka juya kogin ya koma gudu baya, yana fita daga tabki maimakon shiga. Mutanen garuruwan da ke ƙasa, waɗanda ƙazantar ta koma wajensu, ba su ji daɗin wanga dabara ba.

Wurin da kogin ya haɗu da tabkin, nan garin ya fara. Mutum na farko da ya zo daga waje ya kafa gida nan baƙar fata ne mai jin faransanci, sunanshi Jean Baptiste Point du Sable. Kafin shekarar 1790 yana nan yana saye da sayarwa da mutanen ƙasar na asali. Daga bakinsu ne sunan Shikago ya fito. Sunan wata albasar daji ce mai wari da ke tsirowa cikin fadamar wurin.

Benen da ya fi tsawo sunanshi Willis, amma tsofaffin gari har yanzu Sears suke ce mashi, sunan da ya ɗauka har 2009. An gama shi a farkon shekarun 1970. Hawa 110 gare shi, tsawonshi metir 442. Ya yi kusan shekara 25 babu kamarshi cikin duniya. Baƙo yana biyan kuɗi, ya shiga wani ɗan ɗaki mai hawa da sauka, cikin kamar minti guda ya kai hawa na 103. Can an yi wasu akwatunan gilashi da sunka fito waje daga jikin bango. Mutum ya shiga ya duba ƙarƙashin ƙafarshi, sai ya ga motoci kamar tururuwa. Yara suna tsalle ciki, manya suna riƙe da bango.

Akwai kuma wani dunƙulen ƙarfe mai walƙiya cikin filin shan iska na tsakiyar gari. Siffar ƙwayar wake gare shi, shi ya sa ake ce mashi Wake. Nauyinshi tan 100. Ba ya aikin komi, sai dai mutum ya ga kanshi ciki a karkace ya ɗauki hoto. Minti goma sun isa.

Saniyar da anka yi wa ƙarya

Ranar 8 ga Oktoba 1871, da dare, gobara ta tashi. An daɗe ba a yi ruwa ba, gidaje na katako ne, ga iska. Wutar ta ci har kwana na uku. Mutum wajen 300 sunka mutu, wajen dubu 100 sunka rasa wurin kwana.

Wutar ta fara wajen garken wata mata mai saida madara, Catherine O'Leary, talaka, baƙuwa daga ƙasar Ailan. Sai labari ya bazu cewa tana tatsa da dare, saniya ta shuri fitila. Matar ta ce tana kwance lokacin. Ba wanda ya saurare ta. Bayan shekara 22 wani ɗan jarida ya ce shi ya ƙaga labarin. Ta mutu da baƙin cikin abin. Sai a 1997 majalisar birnin ta wanke ta, ita da saniyarta. Yau a filin da garken yake, makarantar koyon kashe gobara ce ke tsaye.

Bayan gobarar ne anka sake gina garin da dutse da ƙarfe. A 1885 anka ɗaga bene mai hawa 10 bisa ƙashin ƙarfe. Daga shi ne dogayen benayen duniya sunka samo hanya.

Karar da ta fi kowace

Yawancin masu yawo suna tsayawa ga bene da tabki. Kaɗan ne ke gangarawa kudancin gari su ga wata tsohuwar ƙofar dutse, da kan bijimi sassaƙe bisanta. Ba ta da wani kyau. Amma wanda ya san bisa, nan ya kamata ya daɗe.

Ita kaɗai ta rage daga kasuwar bisashen Shikago, wadda anka buɗe a ƙarshen shekarar 1865. Faɗinta ya kai kusan hekta 200, duk shingayen katako. A farkon zamanin, makiyayan Tekzas suna koro shanu bisa dawaki, tafiyar fiye da kilometir dubu, har inda jirgin ƙasa ya tsaya a jihar Kansas. Daga nan jirgi ya kawo su Shikago. Aladu ma ana kawowa, har sun fi shanun yawa, ga tumaki. Daga 1865 zuwa 1900 an yanka bisa wajen miliyan 400. A farkon shekarun 1920 ma'aikatan wurin sun kai dubu 40.

Mi ya sa Shikago ta samu wagga kasuwa? Abu biyu ne: hanya da sanyi. Hanyoyin jirgin ƙasa na gabas da na yamma nan sunka haɗu. Sannan wajen 1880 wani mahauci, Gustavus Swift, ya sa anka yi mashi taragu mai ɗakin ƙanƙara. Kafin nan, sa da ranshi ake kai shi biranen gabas. Ya rame a hanya, wani ya mutu, kuma a biya kuɗin ɗaukar ƙaho da kofato da tumbi. Da taragun sanyi, sai a yanka a Shikago a aika da nama kaɗai. Abin da ya rage kuwa ba a zubarwa. Ƙaho ya zama maɓalli da mataji, kofato ya zama abin liƙi, kitse ya zama sabulu, jini da ƙashi su zama taki, fata ta tafi majema.

Cikin mahautan, ba mutum guda ke feɗe sa ba. Ana rataye shi ga sarƙa mai tafiya, kowane ma'aikaci yana tsaye wurinshi, yana yanka abu guda, tun safe har dare. Henry Ford, mai ƙera motoci, ya ce nan ya ga dabarar da ya yi aiki da ita.

To, wa ya ci ribar? Ba makiyayi ba ne, ba kuma mai riƙe da wuƙa ba. Manyan kamfanoni biyar ne sunka riƙe saye. Mutum ya kawo shanunshi daga nesa, ya biya jirgi, kowace rana yana biyan ciyawa, ba ya iya komawa da su. Abin da anka taya, shi zai karɓa. Duk wanda ya taɓa kai bisa kasuwa mai nisa ya san wanga hali. Kukan makiyaya ya yi yawa, har a 1921 gwamnati ta yi doka don sa ido kan masu saye da dillalai. Su ko ma'aikata, baƙi ne daga Turai da baƙar fata da sunka gudo daga kudancin ƙasar, suna aiki cikin jini da sanyi, lada kaɗan. A 1906 wani marubuci, Upton Sinclair, ya fidda littafi kan wahalarsu. Jama'a ba su damu da ma'aikatan ba kamar yadda sunka damu da ƙazantar naman da suke ci. Cikin shekarar nan anka kafa dokar duba nama.

Hanya ce ta kawo kasuwar, hanya ce kuma ta ɗauke ta. Da anka yi manyan titunan kwalta da kamyo masu sanyi, sai kamfanoni sunka ga ya fi arha su gina mahauta can kusa da inda ake kiwo. Ranar 30 ga Yuli 1971 anka rufe ƙofar. Mutum dubbai sunka rasa aiki. Akwai wani reshen kogi kusa da wurin, inda ake zuba jini da tumbi a da. Har yanzu ruwanshi yana tasowa da kumfa daga ƙasa.

Kasuwar hatsi ita ba ta mutu ba. An kafa ta tun 1848. Nan ake ƙulla cinikin masara da alkama da soya tun ba a girbe ba: a yanke kuɗi yau, a kawo kaya bayan wata uku ko shida. A da, ƴan kasuwa suna tsayawa cikin wani fili suna ihu, suna alama da yatsu. Yanzu da kwamfuta ake yi. Kuɗin da anka yanke nan yana taɓa kuɗin garin alkama a ƙasashe masu nisa, har da waɗanda ke sayo shi don yin burodi.

Kare mai zafi

Abincin garin ya nuna asalinshi: nama ne da burodi. Wanda ya fi suna ana ce mashi hot-dog. Ma'anar kalmar kare mai zafi, amma a kwantar da hankali, babu kare ciki. Naman sa ne anka niƙa da kayan yaji, anka ɗura shi kamar dogon yatsa. A dafa, a sa cikin burodi mai taushi, a zuba mutardi, albasa, tumatir, barkono da kokwamba mai tsami. Abu guda ne ba a sawa: jar miyar tumatir ta kwalba. Baƙon da ya roƙe ta, mai saidawa zai dube shi kamar wanda ya zuba sukari cikin miyar kuka.

Na biyu, naman sa ne da ake yankawa siriri kamar za a yi kilishi, a jiƙa cikin romo, a cusa cikin burodi. An ce talakawan Italiya da sunka zo aiki ne sunka fara shi, don ɗan nama ya ishi mutanen biki. Romo yana zuba, saboda haka a tsaye ake ci, a duƙe, ƙafafu baya, don kada riga ta ɓaci.

Na uku ana ce mashi piza, irin ta Shikago, wadda anka fara a 1943. Ƙullun alkama ne cikin kasko mai zurfi, a shimfiɗa cuku mai narkewa da yawa, a rufe da tumatir, a gasa kusan minti 45. Yanka biyu sun ishi ƙato. Sai dai musulmi ya tambaya, don sau da yawa da naman alade ake yin ta. Mai son naman yanka ya nufi titin Devon, arewacin gari, inda ƴan Pakistan da Indiya ke da mahauta da gidajen abinci.

Wasan zango huɗu

Ba a cewa an zo Shikago ba a kalli besbol ba. Yadda kokowa take ga mutanen Nijar, haka wanga wasa yake ga dattijan Amurka. Ƙungiya biyu ke garin. Mutanen kudu suna bayan White Sox, masu farar safa. Mutanen arewa suna bayan Cubs. Gida guda ba ya son biyun.

Filin Cubs sunanshi Wrigley. An gina shi a 1914, tsakiyar unguwa, yana ɗaukar mutum wajen dubu 41. Maƙwabta sun jera kujeru bisa rufin gidajensu suna karɓar kuɗin kallo. Har 1988 babu fitilu a filin, da rana kaɗai ake wasa. Allon lissafi na 1937 yana nan, mutane ne ke ciki suna sauya lambobi da hannu.

Ga yadda wasan yake. Kowane gefe mutum 9. Cikin fili akwai zango huɗu, tsakanin kowane biyu metir 27. Na huɗu shi ne gida. Mai jifa yana tsaye metir 18 daga mai bugu, ya jefo ƙwallo da gudun da kan wuce kilometir 150 a awa. Mai bugu yana riƙe da kulki na itace. In ya kuskure sau uku, ya faɗi. In ya buga sama anka cafe kafin ta taɓa ƙasa, ya faɗi. In ya buga ta faɗa fili, sai ya yar da kulki ya ruga zango na farko kafin ƙwallo ta riga shi. Daga nan yana jiran ɗan'uwanshi ya buga, ya ƙara gaba. Wanda ya zagaya ya komo gida, an ci ɗaya. Wanda ya buga ta wuce katanga, sai ya zagaya a hankali, ba mai taɓa shi. Mutum uku sun faɗi, sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka har karo 9. Wasan yana da wuya: wanda ya dace sau 3 cikin 10, gwani ne.

Ƙwallon ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma tauri gare ta kamar goriba. Fatar saniya ce, tun 1974. Kafin nan fatar doki ce. Da hannu ake ɗinke ta da jan zare, ɗinki 108.

Katangar Wrigley ta bulo ce, wata ciyawa mai yaɗo ta rufe ta tun 1937. Wani lokaci ƙwallo takan shige cikin ganyen ta ɓace. Mai tsaro sai ya ɗaga hannu, alƙali ya ba mai bugu zango biyu. In abokin gaba ne ya bugo ƙwallo cikin ƴan kallo, ba sa riƙe ta, jefo ta suke cikin fili. Bayan wasa ana ɗaga tuta: fara in an ci, shuɗiya in an sha kashi, don mutanen cikin jirgin ƙasa su gani.

Wasa yakan kai awa biyu da rabi ko uku, kuma akwai zama da yawa ciki. Baƙo yakan gaji da farko. Mutanen gari kuwa hira suke, suna ɓarar gujiya soyayya, suna zubar da ɓawon ƙarƙashin kujera. Masu talla suna hawa suna sauka suna kira.

A da ba a barin baƙar fata su yi wasa da farare. Jackie Robinson ne ya karya wagga al'ada a 1947. Ranar da ya fara zuwa Wrigley, mutum fiye da dubu 46 sunka biya kuɗin shiga, da yawa baƙar fata daga kudancin gari, cikin kayansu na zuwa coci.

Bunsurun Billy

Cubs sun ɗauki kambun ƙasa a 1908. Daga nan shiru. A 1945 sunka kai wasan ƙarshe. Wani mai gidan shaye-shaye, Billy Sianis, ɗan asalin Girka, ya zo kallo da bunsurunshi. Tikiti biyu ya saya, ɗaya nashi, ɗaya na bunsuru. Mutane sunka yi kukan wari, anka fidda su. Wanda ya taɓa zama kusa da bunsuru ba zai ga laifinsu ba. An ce Billy ya fita cikin fushi, ya yi baki cewa Cubs ba za su ƙara ci ba.

Sun faɗi a shekarar nan. Shekara 71 ba su sake kai wasan ƙarshe ba. An yi ta kawo awaki filin don a warware bakin, ba abin da ya sauya. Masu hankali sun ce ba bunsuru ba ne, shugabannin ƙungiya ne ba su iya zaɓen ƴan wasa ba. Duk da haka filin yana cika. Kaka ya mutu bai gani ba, uba ya tsufa bai gani ba, jika yana zuwa.

A 2016 sunka kai, su da ƙungiyar garin Kilibiland. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kambu. Kilibiland ta ci uku, Cubs ɗaya. Sai Cubs ta ci biyu a jere. Ranar 2 ga Nuwamba anka yi na bakwai. Karo 9 ya cika, 6 da 6. Ruwan sama ya sauko, anka tsaya minti 17. Da anka koma, Cubs ta ci 8 da 7, bayan shekara 108. Cikin kwanakin nan mutane sunka zo da alli, suna rubuta sunayen iyayensu da sunka rasu bisa bangon Wrigley. Wasu sun kai tuta har maƙabarta.

Mai son ganin wasa ya zo tsakanin Afrilu da Satumba. In sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara takan rufe fili, bakin tabki ya daskare, ganyen katanga ya zube. Masu yawo kuwa, tun kafin nan sun ɗaure kaya. Daga bakin tabki hanya ta nufi kudu maso yamma, cikin masara. Babban zango na gaba shi ne San Luwis, bakin kogin Misisipi, tafiyar awa biyar.